Tsohon Batir

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kantin yadin Abdulƙarim ya kwanta, shi kuma ya bi mota ta Agadas ya nufi Libiya. Ya bar matarsa Safiyatu a unguwar Zariya ta Maraɗi da alkawarin damina ɗaya. Damina ta zo ta wuce, jam'iyyu suka yi ta kiɗansu a tituna, ma'aikata suka yi ta yajin aiki, sai can wani direba ɗan Jiratawa ya kawo mata kaset. A wancan zamanin haka matafiya ke yi, su zauna gaban rikoda su yi gaisuwa, a aiko gida.

Safiyatu ta sayi sabon batir, ta tara matan gida, ta danna. Abin da ya fito, Allah ya sani, ba muryar namiji ba ce. Wata 'yar siririyar murya ce mai gudu, irin ta ɓerayen katun da yara ke kallo a tele, tana cewa lafiya lau yake, aiki na tafiya, a gaida kowa. Mata suka fashe har da riƙe ciki. Ita ma ta yi dariyar, don kada a ga idonta.

Ta kai kaset ɗin kasuwa wurin yayanta Rabi'u mai sayar da kasusuwan waƙa. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Mijinki bai sauya hali ba, har can ma ƙyashin sayen pil shikai. Da mataccen batir ya ɗauka, zaren na jan ƙahwa. Ke kuma kin sa sabo, dole shi zuba da gudu."

"To yaya za a yi, Yaya?"

"Ki yi haƙuri da ɓeranki. Magana dai kin ji ta."

Maganar kam ta ji, har ta haddace. Muryar ce ta rasa, kuma abin da ke cin ranta shi ne ta fara manta yadda take. Tana tuna tafiyarsa, tana tuna yadda yake naɗe hannun riga, amma in ta nemi yadda yake kiran sunanta daga zaure, sai ɓeran nan ya amsa mata. Wani kaset bai sake zuwa ba. Kullum in ta gama aikin rana sai ta kunna wannan ɗin, ba don daɗi ba, don dai babu wani.

Wata rana da hantsi tana tsince shinkafa, kaset na juyawa, batir ya fara gajiya. Muryar ta rage gudu, ta yi kauri kaɗan kaɗan, kawai sai ga Abdulƙarim a tsakar gida. "Sahiya," ya ce, yadda shi kaɗai ke faɗa. Faifan shinkafar ya zame daga cinyarta, kaji suka yi caa a kan shinkafar, ba ta ko kore su ba.

Sai dai a wannan tafiyar ta hankali ta ji abin da gudu ya ɓoye. Tsakanin "lahiya" da "lau" akwai dogon shiru. Akwai haɗiyar yawu, da jan hanci, da tari mai fitowa daga ƙirji wanda yake ƙoƙarin dannewa. Ta san mijinta, wannan mutum ne da ke riƙe kuka da ƙarfin tsiya. Kafin ya kai ƙarshe muryar ta nutse ta koma gurnani, rikoda ta tsaya.

Daga ranar Safiyatu ta zama mai bin gidaje tana roƙon tsohon batir. Maƙwabta suka ce talauci ya kai inda ya kai, ta bar su da zatonsu. Kowane rukuni ta samu yana ba ta muryar mijinta na ɗan lokaci, ta ji daɗi, ta yi kuka, ya mutu.

Ran Juma'a mahaifiyar Abdulƙarim, Inna Tsahara, ta hau kabu-kabu daga Tsibiri, tana dafa bango ta shigo.

"Ɗiyata, an ce kin samu dabarar hiddo muryarshi ta gaskiya. Sa mini in ji ɗana. Yaya kika ji shi?"

Safiyatu ta dubi tsohuwar, ta dubi carbin da ke hannunta. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, sabon batir ne a cikin rikodar.

"Dabarar ba ta yi ba, Inna," ta ce, ta danna. "Amma ji shi, lahiyarshi lau."