Ranar da Almu Ya Yi wa Tarakta Kiɗa

A Tafoki, in ana gayya, Mani ne ke shiga kunyar farko. Almu makaɗi na biye da shi da gangar noma yana zuba masa kirari, shi kuwa sai ya yi ta keta ƙasa kamar ba zai gaji ba. Shekara goma sha biyu babu wanda ya riga shi kai ƙarshen kunya.

A shekarar da kuɗin fetur suka fara ratso ƙauyuka, Alhaji Mamuda ɗan kwangila ya sawo tarakta ja. Cikin hantsi ɗaya ta kafce abin da gayya ke yi a kwana uku. Mani ya tsaya yana kallo, bai damu sosai ba, har ya ce ai ƙarfe ba ya gane ciyawa. Sai ya jiyo ganga. Ya waiga, ga Almu yana bin bayan tarakta cikin hayaƙi, yana yi mata kirarin nan na Mani, bai sauya ko kalma ɗaya ba.

Nan Mani ya juya. Ya koma gida ya rataye garma, ya shimfiɗa tabarma a zaure. Matarsa Suwaibatu ta kira mai magani, ya duba ya ce lafiyarsa lau, tuwo ma malmala uku yake ci, zuciya ce ta karye. Samari suka ce tunda Mani ya kwanta, su wa za su bi? Ciyawa ta ci gonakin gari.

Ana tsakiyar damina tarakta ta tsaya cik. Makaniki ya zo daga Ƙanƙara ya ce abin da ya lalace sai an aiko daga ƙasar waje. Alhaji ya tako da kansa har zaure, Almu na raɓe a bayansa, ya roƙi Mani ya fito.

"Alhaji, mi zan yi? Ga makaɗinta nan. Ya je ya yi mata kiɗa ta tashi."

Sai da aka yi kwana biyu ana ba shi baki, Almu ya rantse zai ƙago sabon kirari, sannan Mani ya sauko da garma. Ya riga kowa kai ƙarshen kunya kamar da. Amma duk lokacin da ya ji ƙugin mota a hanya, sai ya ɗaga kai ya duba ko Almu na nan.