Garejin Manaja

"Rushe ta, na ce! Ko sai na karɓi gudumar da kaina?"

Manaja ne tsaye a bakin titi, hannu ɗaya riƙe da lema, ɗayan da takardar da ya zana garejinsa a kai. Birkila ya ɗaga guduma, ya sake saukewa, ya kalli sama inda Gwaggo, matar Manaja, take dafe da ƙofar gida.

"Ranka ya daɗe, in na rushe matakalar nan, ta ina mutan gidan za su riƙa saukowa?"

"Ta tsani mana. In an gama gareji sai a yi wata, wadda ta fi wannan kyau."

"Ni da gwiwar nan tawa?" in ji Gwaggo daga sama.

"Ke ina za ki? Ba aike kike yi ba dama?"

Birkila ya girgiza kai, ya kai wa matakalar guduma.

Unguwarmu a jikin tudu take, tudu mai tsayi wanda ko akuya sai ta huta a hanya. Titi yana ƙasa, gidaje suna sama, kowane gida da matakalarsa. Gidanmu, ni da Innata, shi ne manne da nasu. Da can akwai ɗan gibi da mata ke bi tsakaninmu, sai Manaja ya toshe shi da katanga, ya jera mata fasassun kwalabe a ka, wai kajinmu suna ɓata masa baranda. Bayan gidan kuwa dutse ne tsaye. To kun ga, matakalar nan ita kaɗai ce hanya.

Har yau ban san abin da ya yi manajancinsa ba. Wasu sun ce sito ne, wasu sun ce gidan mai. Abin da dai na sani, yana da wata tsohuwar farar mota da ke kwana a bakin titi, kuma abin ya hana shi sukuni. Kullum da safe sai ya sauko ya goge ta, yana yi mata magana a hankali. Ban taɓa jin ya yi wa Gwaggo irin wannan muryar ba.

Aka shiga haƙa cikin tudun, daidai ƙasan ƙofar gidansa. Diga ta ci jar ƙasa, ta zo ta ci karo da dutse, aka koma sassaƙa. Shi kuwa yana ƙarƙashin lema yana sake zane. Yau a faɗaɗa, gobe a rage, jibi a rushe abin da aka gina jiya don bai yi daidai da takarda ba. Aka yi bango mai kauri a baya don ya tare ƙasar tudun, aka zuba rufin kankare, aka sa ƙofar ƙarfe mai sanduna, wai don motar ta riƙa shan iska. Damina ta zo ta wuce ana abu ɗaya.

Duk tsawon wannan lokaci ƙafar Gwaggo ba ta taka titi ba. Bokiti take zurowa da igiya, ni ko Inna mu saka mata cefane, ta ja. Ƙanwarta ta kwanta jinya, ta waya ta duba ta. 'Yarta ta haihu a can garin mijinta, ta waya ta ji kukan jikanta.

Ranar da motar ta shiga gareji, sai da ya tara mutane kallo. Na bari ya gama murna, na matsa kusa.

"Baba, Allah ya sanya alheri. Saura matakala."

Ya dube ni tun daga silifas har kai. "Kai mai wanki da guga ne za ka koya min tsarin aiki? Ko fenti ba a yi ba. Je ka hura gawayinka."

Na tafi na hura gawayina.

Wata hantsi ina cikin guga na ji ihun Gwaggo. Na yar da komai, na sauka titi, na hau tsani. Manaja yana kwance a baranda, baki ya karkace, gefe ɗaya na jikinsa ba ya motsi. Birkila da wasu mazan layin suka hauro. Muka duba tsani, muka duba shi. Ƙarshe a kujerarsa muka ɗaure shi da igiyar bokiti da ta shanya, muka zuro shi ta kan rufin garejin, yana lilo a gaban ƙofar ƙarfen nan, yara sun cika titi.

"Kawo makulli, ranka ya daɗe, a fito da mota," in ji Birkila.

Makullin yana cikin hannunsa mai lafiya, ya dunƙule shi gam. Da ƙyar maganar ta fito. "Kar a... taɓa min... mota."

Haka muka tsaya a rana muna jiran tasi, mota tana bayanmu a inuwa, an lulluɓe ta da tamfol.

'Yarsu ta zo ta zauna da shi a asibiti. Mu kuma muka ce wa Gwaggo ta zo mu sauke ta yadda muka sauke shi.

"A ɗaure ni kamar tunkiya, duk unguwa na kallo? A'a, ɗan nan. Da ƙafata zan je."

Ina wajen ranar da 'yar ta kira. Gwaggo ba ta ji sosai, don haka a buɗe take sa wayar.

"Ya tambaye ni?"

Can 'yar ta ce, "Cewa ya yi a duba ko an sa wa garejin kwaɗo."

"To. Ki ce masa an sa." Ta kashe wayar, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Ko ba komai dai in ga fuskarsa. Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan."

Birkila ne ya tuna da simintin matakalar. An saye shi tuni, an jibge a gefen gida, sai Manaja ya ɗauke tamfol ɗin da ke kai ya rufe mota. Ruwa ya dake shi, buhunan suka daskare, kowanne ya zama dutse. Inna ta leƙo ta ce, "Ka ga, shi ma ya gaji da jira."

Muka sassare gangaren da ke gefen garejin da fartanya, muka riƙa jera buhunan ɗaya ƙasan ɗaya, Birkila yana kafa musu guntayen rodi don kada su zame. Yini guda muka yi, bayanmu kamar zai tsinke. Ba ta yi kyau ba, amma ta kai titi.

Washegari Gwaggo ta yi wanka, ta sa takalmin da ta daɗe ba ta sa ba, ta riƙo kwandon abinci. Na karɓi kwandon, ta dafa kafaɗata. Kowane buhu sai ta sa ƙafa ɗaya, ta jira, ta kawo ɗayar. Inna tana ƙasa tana cewa, "A hankali, Yaya, saura kaɗan."

Ƙafarta ta taka kwalta kenan, wayar ta yi ƙara a cikin jakarta. Ta ciro, ta danna yadda ta saba. Duk muka ji kukan 'yar kafin ta ce komai.

Inna ta fara salati. Birkila ya cire hularsa ya sake mayarwa. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Allah ya jiƙansa," ta juya ta zauna a kan buhun ƙarshe.

Tasi ɗin da na tsayar don ya kai ta asibiti yana ta jira, har direban ya gane, ya ja a hankali ya tafi. Gwaggo ta zare takalman, don sun matse ta, ta ajiye su gefe. Ta shimfiɗa tafin ƙafafunta a kan kwalta, tana kallon masu wucewa.