Gashin Ido a Ɗakin Tsafta

Duk wanda ya yi aiki a wancan kamfani na San Jose ya san Luz Dimaano, 'yar Filifin, gajera, shekara sha tara tana leƙen na'urar ƙara girma har wuyanta ya ranƙwafa. Aikinta gwada madubai. Ba na kwalliya ba fa: guda ɗari biyu da hamsin da shida ne jere a kan ɗan faranti, kowanne bai wuce kan allura ba. Ƙarƙashin kowane madubi akwai 'yan ƙarafa. In aka sakar musu wutar lantarki sai su jawo shi ya karkata, ya juya haske daga wannan zaren gilashi zuwa wancan, ba tare da an taɓa shi ba. Sai dai madubin nan ɗan rigima ne. A ja shi kaɗan, ya bi. A zarce masa, ya faɗa ƙasa ya manne, ko gezau.

Ranar Laraba bakwai suka manne, ga masu saye za su zo kallo ranar Juma'a.

Injiniyan wurin, Dakta Dale Hrubek, dogo ne siriri, ko kofi zai sha sai ya auna zafinsa. Ya zo da wata dabara ta kwamfuta: a zabga wa madubin wuta sau uku, wai zai firgita ya tashi.

"Dakta, wanda ya faɗi saboda wuta ta yi masa yawa shi za ka ƙara wa wuta?" in ji Luz ta cikin takunkumi.

"Anti Luz, lissafi ne. Ke dai danna."

Ta danna. Bakwai suka zama goma sha ɗaya.

"To, barka. Sun haihu."

Dakta ya ce gwajin farko ba ya shiga lissafi, ya fita gyara dabararsa. Luz ta bi ƙeyarsa da harara. Ita ta san maganin tun yana makarantar sakandare: gashin ido ɗaya, a liƙa shi a bakin tsinken sakace, a zura a gefen madubi a ɗaga a hankali. Allura karya shi take yi, gashin ido kuwa lanƙwasawa yake. Amma dokar ɗakin tsafta, inda ake gwajin kuma ba a yarda ko ƙura ta shiga ba, a rubuce take jikin ƙofa: duk wanda ya shigar da gashi, a karɓe katin shigarsa. In Luz ba kati, Luz ba aiki ke nan.

Ranar Alhamis da tsakar rana, da kowa ya tafi cin abinci, ta shiga ban-ɗaki ta tsige gashin ido guda uku, idonta na ta hawaye, tana tsine wa masu digiri. Ta ɓoye tsinken cikin safar hannu. Minti arba'in ta yi tana riƙe numfashi, ta ɗaga madubai goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya.

Tsautsayi, tana miƙewa sai ga Dakta da sabuwar dabara. Wannan karon ya rage wutar har ba ta isa ta motsa komai ba. Bai ko leƙa farantin ba ya danna, sannan ya duba allo. Duka suna motsi.

"Anti Luz! Kin gani? Kin gani da idonki?"

"Da idona fa, Dakta. Sosai ma."

Juma'a masu saye suka kalla, suka yaba, suka tafi. Shugabar sashen, Madam Corinne Vasko, ta tara kowa aka yanka kek. Dakta ya yi bayani rabin awa, har da zane. Luz na gefe tana tauna kek kamar takarda. Ta ce a ranta, ya je ya ci yabon, Allah ya isa.

Sai Madam ta tafa hannu ta ce, "Akwai faranti arba'in a ma'ajiya masu madubai a manne. Ranar Litinin a sa musu dabarar Dale, a aika wa mutane. Ba sai an sake dubawa ba."

Luz ta ajiye kek ɗinta. Sunanta ne zai hau takardar gwajin kowane faranti.

"Madam, ba dabararsa ba ce."

"To ta wa ce?"

Ta nuna fatar idonta da ta kumbura. Ta faɗi komai, har tsinken sakacen. Fuskar Dakta ta yi ja har kunne.

"Gashi? A ɗakina?" in ji Madam. "Luz, kin san doka. In na ƙyale ki, gobe wani zai shigo da karensa. Kawo katin. Mako biyu a gida, sannan mu gani."

"Madubanki fa?"

"Dale zai ji da su."

Luz ta cire katin ta dangwarar kusa da kek.

Ranar Litinin tana gida tana soya kifi waya ta yi ƙara. Dakta ne, murya ƙasa ƙasa.

"Anti Luz, tambaya ce kawai ta ilimi. Na sama ake tsigewa ko na ƙasa?"

"Ka lissafa mana."

"Don Allah. Na tsige biyar, duk sun lanƙwashe. Idona ɗaya ba ya buɗuwa."

"Madam ta sani?"

"Ita ce ke riƙe min da tsinken."

"To katina fa?"

Ta ji suna ƙus-ƙus. Can ya dawo ya ce, "Ta ce doka doka ce. Mako biyun dai."

Luz ta kife wayar. Kifin ma ya ƙone.