Kwanon Baba Kaumi

"Danne mini wannan hannun, Malam Basiru," in ji Mahdi. Yana durƙushe a gefen katifar mahaifinsa da tsohon rawani, yana neman ɗaure shi.

Ban danne ba. Baba Kaumi na kwance rigingine, hannuwansa biyu a saman kansa, yatsu a lanƙwashe kamar mai tallafe da kaya. Tun da ciwon ya kwantar da shi haka suke. In ka ja su ƙasa ya yi nishi, kana saki su koma.

"Ƙyale shi," na ce.

"In ƙyale shi ya cika a haka? Ai kai za ka sha wuya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci. Ni nake wankan gawar maza a unguwarmu, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da su. Na san yadda ake yi da gaɓar da ta sandare: a tausa, a ja, wani lokacin ka ji ƙas. Shi ma Baba ya sani. Tun yana kan ƙafafunsa ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Basiru, in na tafi da su a sama, kada ka karya mini. Kuma kada ka kai ni kushewa ina ɗauke da ƙasar Bature." Na ce to, alhali ban san ta inda zan ɓullo ba.

Yana ɗan saurayi aka kwashe su daga ƙauyensu na wajen Fika, diban gwamna, wato aikin tilas na zamanin Bature, zuwa haƙar kuza a Jos. Kwanon ƙarfe cike da laka, daga rami zuwa tudu, wanda ya sauke ba da izini ba ya sha bulala. Ya dawo, ya tsufa yana dillanci a kasuwar shanu, ya aurar da jikoki, amma ko gyangyaɗi ya yi a kan benci sai hannuwan su tashi.

Malam Jang, tsohon malamin motsa jiki, mutumin Filato da ya yi furfura a Potiskum, shi yake tara mu da safe a filin firamare, mu masu ciwon baya da hawan jini, har da Baba. Ranar da ya ji labarin Baba, ya ce gonar kakansa ma ramin kuza ce yanzu. Daga nan ya ƙaro mana wani motsi: a yi kamar an kama kwano a ka, a durƙusa, a ajiye, a miƙe a ja numfashi. Kowa yana saukewa. Baba kuwa in ya kawo goshi sai jikinsa ya ɗau ɓari, ya mayar. Mahdi ya ce an mai da ubansa abin kallo, ya hana shi fita.

Muna cikin wannan ja-in-ja aka yi sallama. Malam Jang ne da tsofaffin filin, sun biyo sahun masu fitowa daga la'asar. Mahdi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, da girmanka. Mutum na gargara, ku zo ku yi masa wasa?"

"Ba wasa ya kawo mu ba, ɗana. Na yi ta ce wa Baba ya sauke, ya sauke. Jiya wata mai itace ta tsaya a ƙofar gidana tana kiran a sauke ta, sai na ga wautata. Wa yake sauke kaya mai nauyi shi kaɗai?"

Mahdi bai matsa ba. Numfashin Baba ya fara yin sama-sama, kuma na san wannan numfashin sarai. Tsoro ya kama ni.

"Mahdi," na ce, "wallahi in ka ɗaure shi, kai za ka wanke shi. Ni ba zan taɓa ba."

Ya dube ni, ya dubi rawanin, sannan ya kauce.

Ɗakin ƙarami ne. Tsofaffin suka jeru a jikin bango, kowa ya ɗaga hannu ya kama nasa kwanon. Malam Jang ya durƙusa ta dama, ya nuna wa Mahdi hagu. Da ƙyar ya je.

"Baba, mun zo sauke ka," in ji Malam Jang.

Idanun suka buɗe kaɗan. Sai da na kai kunne na ji abin da yake cewa.

"An ba da izini?"

Muka dubi juna. Ba wanda ya shirya wa wannan. Yatsun suka ƙara damƙewa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"An tashi aiki, Baba," in ji Mahdi. "Kowa ya tafi gida. Kai kaɗai ake jira."

Shi da Malam Jang suka sa hannu a saman nasa, a inda bakin kwano zai kasance, suka ɗaga a hankali. Baba bai saki ba. Tsofaffin suka fara sunkuyawa tare, gwiwoyi na ƙara, suna fitar da numfashi kamar yadda muke yi a fili. Na ga ɗan yatsa ɗaya ya buɗe, sai na kusa da shi. Mahdi da Malam Jang suka miƙe a duƙe, suka taka zuwa bakin ƙofa suka ajiye. Gumi har haɓar Mahdi.

Hannuwan ba su faɗo ba, saukowa suka yi, har suka kwanta a gefensa. Malam Jang ya fita tsakar gida ya ba mu wuri, ni kuma na matso ina laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin rana ta faɗi ya cika. Na yi shekaru ina wannan aiki ban yi kuka ba, ranar na yi.

Mata suka fara shigowa, Mahdi na kai da kawo da butoci da likkafani. Bakin ƙofar siminti ne kawai, ba komai a kai. Amma duk shigarsa da fitarsa sai ya kewaye wurin, waɗanda ke bayansa ma suka riƙa kewayewa.