Shafukan da Na Tsallake

"Kin tsallake," in ji Malama, idanunta a rufe.

"Ban tsallake ba."

"Shafi biyu cur. Kafin jirgin ruwan ya tashi, ai sai da matar ta koma ta ɗauko fitila."

Na koma baya ina turo baki. Shekarata goma sha shida a lokacin. Malama maƙwabciyarmu ce, ta yi shekara talatin tana koyar da adabi kafin ganinta ya tafi. Mama ce ta ɗora mini zuwa in yi mata karatu kullum da yamma. Littattafanta duk tsofaffi ne, takardunsu sun yi jaja-jaja, suna ƙanshin ƙasa. Wayata kuwa tana ƙarƙashin littafin, sai motsi take a cinyata.

"Malama, mutumin nan shafi goma yana kallon kogi. A ajinmu ba mai karanta irin wannan. Taƙaitawa muke nema, mu ci jarrabawa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Jikokina ma haka. To wai ina za ku da saurin nan?"

A makon ƙarshe ta daina yi mini gyara. Tana kwance, labule na kaɗawa, hasken rana na yawo a kan bargonta. Ran Talata na iso wurin da jirgin ya shiga hazo, sai ta ce, "Yi a hankali, 'yata. Ƙafata ta jiƙe."

Na leƙa, ƙafar a bushe take. Na dai rage murya, ban ƙara tsallake ko layi ba. Can sai ni ma na fara jin ruwan yana bugun ƙafar gado. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, har Mama ta shigo da shayi. Ta ajiye kofin, ta riƙe hannun Malama, ta daɗe.

"Ya isa haka," ta ce.

"Mama, saura babi ɗaya."

"Ya isa."

Bayan mako biyu da rasuwar Malama, ɗanta ya jera littattafan cikin kwalaye a bakin ƙofa, ya ce duk mai so ya ɗauka. Na tura wa ƙawayena hoto. Ɗaya ce kawai ta amsa, tana tambaya ko akwai na lissafi. Na kwashi abin da hannuna zai iya ɗauka, sahu uku.

A sahu na ƙarshe na leƙa ɗakin. An fitar da komai. Wani malam-buɗe-littafi ne kaɗai a jikin bangon, yana buɗe fukafukansa yana rufewa a hankali.