Telar Adamu da Hauwa'u

A garinmu na gabashin jihar Tennessee ta Amurka, duk ranar Alhamis iyalai goma sha huɗu masu koyar da 'ya'yansu a gida sukan haɗu a ɗakin ƙasa na coci, kowace uwa ta ɗauki darasin da ta iya. Wannan lissafi, waccan waƙa, wata ɗinki. Zane ne kawai ba a taɓa koyarwa ba, shi ne kuwa Lorna Pettibone ta shekara uku tana roƙon a ba ta.

Lorna zane ta karanta a jami'a kafin Dwight ya zo ya aure ta ya yi awon gaba da ita. Daga nan sai 'ya'ya biyar, sai wanki, sai koyar da baƙaƙe a teburin cin abinci. Shekara goma sha biyu ba ta riƙe burushi ba sai na fentin katanga. Tana son ajin nan, so na gaske, wanda in ta tuna shi tana cikin wanke-wanke sai ta tsaya da kwano a hannu.

Wuƙa da nama suna hannun Verna Gentry, matar dattijon coci, wadda ko fasto ya hango ta sai ya gyara wuyan rigarsa. Lorna ta kai mata littafin da za ta koyar da shi, wani ƙaton kundin hotunan tsofaffin masu zanen Turai. Verna ta buɗe shafi na uku, ta rufe da sauri kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

"'Yar'uwa Lorna, su waɗannan ba su da tela ne a garinsu?"

"Adamu da Hauwa'u ne fa, Mama Verna. Kafin su ci 'ya'yan itacen."

"Na san ko su wane ne. Mu ai bayan cin muka zo duniya. Akwai samari 'yan shekara goma sha biyu a ajin nan. Fuska da tafin hannu, shi ke nan. Ki rufe sauran, ki dawo mu gani."

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Uwaye da yawa kan bi irin waɗannan littattafai da baƙin alƙalami, su shafe duk inda ya kamata a shafe a jikin hotunan, yaro ya taso yana zaton mutanen da duk gajeren wando baƙi suke sawa. Amma hannun Lorna ya ƙi. Ta shiga ɗakin tarkace ta tono tsohon akwatin launukanta, ta ce in dai sutura ce, to a yi ta mutunci.

Da burushi ta ɗinka wa Hauwa'u doguwar riga mai ruwan ganye, Adamu ya samu taguwa da wando. Mala'ikun nan jarirai masu ƙiba kowa ya samu 'yar shara. Tana duba ta inda haske ya shigo wa mai hoton, sai ta sa inuwar yadin ta faɗi ta can. Dwight yakan leƙo ta kafaɗarta da kofin shayi mai ƙanƙara.

"Uwargida, Adamu ya samu sabon wando, ni nawa wata biyu ke nan yana jiran maɓalli."

"Kai ka ci 'ya'yan itacen, ka ɗinka da kanka."

Abin kunyar, wanda ba ta faɗa wa kowa ba, daɗi take ji. Rabon da ta yi farin ciki haka har ta manta.

Bayan mako shida Verna ta zo gidan da hantsi. Aka kawo mata burodin masara da zuma, tana ci tana juya shafi tana gyaɗa kai. "Kai, Ubangiji ya yi miki baiwa. Ai sun fi kyau haka." Lorna ta fara jin ajin a tafin hannunta. Sai Verna ta tsaya a wani shafi can ƙarshe, ta ɗora yatsa.

Hoton Yesu ne bayan an sauko da shi daga gicciye, yana kwance a cinyar mahaifiyarsa, ba komai a jikinsa sai ƙyalle a ƙugu. Ga haƙarƙari a fili, ga ramin mashi, ga hujin ƙusa a ƙafa.

"Wannan fa?"

"Mama Verna, Yesu ne. Sojoji ne suka tuɓe shi, ai cikin labarin yake."

"Labarin sai su ji da kunne. In na bar ƙirji ɗaya, gobe wata uwa ta zo ta ce me ya sa aka rufe na jarumi Samson. Doka ba ta san na gida ba." Ta kaɗe garin burodi daga cinyarta. "Ki gyara shi, ajin naki ne daga Alhamis."

Lorna ta yi kwana biyu tana wuce littafin ba ta taɓa shi. Ranta ya ɓaci, ta ji haushin Verna, ta fi jin haushin kanta don ta san za ta yi. Ran Laraba da rana ta zauna ta yi. Farar riga ce har idon sawu. Kuma da yake yadi ba ya tsayawa a iska, hannun rigar sai da ya zubo ya rufe hannun da ƙusa ta huda, bakin rigar ya lulluɓe ƙafafun. Duk cikin aikinta babu wanda ya kai wannan kyau.

Aka ba ta ajin. Yara ashirin da biyu a kan kujerun ƙarfe, Verna a baya da saƙarta. Makon bikin Ista, lokacin tunawa da mutuwar Yesu da tashinsa, Lorna ta ɗaga littafin ta buɗe shafin nan na Yesu, ta yi musu bayanin launi, da yadda mai zanen ya karkatar da kan Maryamu don a ga baƙin cikinta.

Wata yarinya 'yar shekara bakwai, Opal, ta ɗaga hannu.

"Malama Lorna, me ya sa mamarsa take kuka? Ba barci yake yi ba?"

Lorna ta juyo da littafin ta duba. Mutum ne cikin farar riga tsaf, ido a rufe, hankali kwance. Ta kai yatsa daidai haƙarƙarin, inda fentinta ya fi kauri.

"Akwai rauni a nan," ta ce. "Yana ƙarƙashi."

"To wa ya rufe?"

Verna ce ta amsa daga bayan aji, cike da alfahari, ko kai ba ta ɗago daga saƙarta ba.

"Malamarku ce da hannunta. Kun ga ko alama babu."