Zanen Abdulƙahhar Bai Jiƙe Ba

Alhaji Ari bai iya zana ko da'ira ba, duk telolin Fagge sun sani. Ƙaninsa Abdulƙahhar ne ya zana kowane aikin wuyan riga da injin surfanin shagonsu ke ɗinkawa. Da Allah ya yi masa rasuwa, abin da ya bar wa wansa shi ne zane-zanen nan, a cikin wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe.

Mai gyara ta ita ce Chinenye, haifaffiyar Sabon Gari, yarinya mai haƙurin tsiya. Duk zuwan da za ta yi sai ta roƙe shi ya bari ta ajiye zanen a rumbun intanet. Shi kuwa ko kusa! A Fagge, ka bari a hango sabon aikinka kafin Sallah, gobe ka gan shi a wuyan kowa.

"Ai na yi ajiya," in ji shi. Ya nuna mata filashin da ya kwafe komai a ciki. Don kada ya ɓata, ya manne shi da salatef a jikin kwamfutar.

Ta danne dariya ta ce, "Baba, shaddar da kake sarowa a kasuwar Kwari, duk a shagon nan kake tarawa?"

"Haba 'yata, in wuta ta tashi fa? Rabinta na sito a Kwaciri."

"To, sito nake so in kama wa zanen. Makullin kalma ce, kai kaɗai za ka san ta."

Ya daɗe yana shafa gemu kafin ya yarda. Da zai rubuta kalmar, sai da ya cire hula ya kare yatsansa da ita.

Wuta ba ta tashi ba, ruwan Agusta ne ya zo. Indararo ya toshe, silin ya jiƙe ya rufto daidai kan tebur. Kwamfuta ta mutu, filashi ya bi ta, tun da dama a manne suke. Alhaji ya zauna a kan benci. Bai damu da ƙarfen ba. Ji ya yi kamar yau aka yi masa rasuwar ƙaninsa.

Chinenye ta iso da tata kwamfutar a leda, takalmanta a hannu, ta keto ruwa tun daga Sabon Gari ba wanda ya kira ta. Ta ajiye a gabansa, ta juya baya don kada ta ga kalmar.

Ya rubuta kalmar. Zane-zanen suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓace.

"Wanne za mu fara gwadawa, Baba?"

Ya nuna na ƙarshe, wanda Abdulƙahhar ya gama satin da ya kwanta ciwo, wanda bai taɓa yarda a ɗinka wa kowa ba. Inji ya ɗauka, allura ta kama aiki. Alhaji ya ɗora hannu a gefen yadin, hawaye na zuba, ya ce, "Kin ga yadda yake karya kwana? Hannunsa ne wannan."